Darasi na 6: Alayyafon Ƙwaya, Abokin Masara

Masara, dawa, gero, shinkafa da alkama duk dangin ciyawa ne, su ake kira hatsi. Akwai kuma tsirrai masu faɗin ganye da ake cin ƙwayarsu kamar hatsi, irin su kinuwa ta ƙasashen Feru da Bolibiya, da alayyafon ƙwaya, wanda aka daɗe ana nomawa a Meziko. Ƙwayarsa fara ce ko ruwan zuma, ta alayyafon ganye kuwa galibi baƙa ce.

A ƙasashe masu tasowa, gidaje da yawa masara ce abincinsu dare da rana. Tana cika ciki, amma furotin ɗinta bai wuce kashi 9 zuwa 10 cikin 100 ba, kuma ta gaza wajen laisin, sinadarin da yaro ke buƙata don girma. Ƙwayar alayyafo tana da kashi 13 zuwa 15, ga laisin isasshe. Awo ɗaya na garinta a cikin awo uku ko huɗu na garin masara ya isa. A dafa ta sosai, ba a cin ta ɗanya.

Wajen shuka aka fi yin kuskure. Ƙwayar mitsitsiya ce, giram ɗaya ya haura ƙwaya 1,000, shi ya sa kilo 1 zuwa 2 ke isar hekta guda. A gauraya irin da busasshen yashi don kada ya zuba wuri ɗaya. A zuba shi a layi, tazarar santimita 50 zuwa 75, a rufe da ƙasa kamar kaurin yatsa. In aka binne shi da zurfi, tsiron ya mutu bai ga rana ba. Makonnin farko tsiron rarrauna ne, ciyawa na iya danne shi, don haka a yi noma da wuri, a kuma rage cunkoso.

Yakan nuna cikin wata uku zuwa huɗu. A murza kan a tafin hannu: in ƙwaya ta zubo, a yanka, zai fi kyau da safe da sauran raɓa. Wanda ya yi jinkiri, ƙasa da tsuntsaye za su raba amfanin. A shanya a kan tamfol, a sussuke, a tankaɗe, a sheƙe a hankali, domin iska mai ƙarfi har ƙwayar take kwashewa. Kada a zuba a buhu sai ta bushe ƙayau, tana ƙaras a haƙori. Mai danshi tana yin fumfuna.