Kurakuran da masu shirin motsa jikin yara suka ƙi dainawa

Daga Nima zuwa Sabon Zango, unguwannin Accra, matasa sun samu kyamara da makirfo, kuma da yawa sun juya ga shirin wasanni na yara, wani don talabijin, wani don YouTube. Madalla. Sai dai kurakuran iri ɗaya ne ke ta dawowa, kamar gadonsu ake yi.

Mafi muni shi ne shirin motsa jiki da babu motsi a cikinsa. Shiri na minti 25, mai gabatarwa ya cinye 4 wajen gaisuwa, ya zaunar da likita a kujera yana bayanin amfanin wasa, sannan a nuna ƙwallayen Mohammed Kudus, ɗan ƙwallon Gana, tunda ɗan Nima ne. Duk wannan lokaci yaron da aka yi shirin dominsa yana kwance a tabarma. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a rana na motsin da ke sa numfashi ya ƙaru, mai shekara 2 zuwa 4 kuwa kada zamansa gaban allo ya wuce awa 1. Shirin da ya ƙara wa yaro zama ya ci amanar sunansa. Ƙa'idata ita ce kafin minti na farko ya cika yaro yana tsaye. Minti 3 na ɗumama jiki, sai a shiga tsalle, tsuguno da gudu a wuri ɗaya, daƙiƙa 30 ana yi, daƙiƙa 20 ana hutawa. Duk nasihar da za a yi, ta wanke hannu ce ko ta barci da wuri, a cusa ta cikin hutun nan. Kafin a kai shiri gidan talabijin, a kunna wa yara huɗu, babba ya yi gum da bakinsa. Inda suka koma suka zauna, nan ne wurin yankewa.

Kuma a tuna inda mai kallo yake. Yawancin yaranmu a ɗaki ɗaya suke kallo, cikin gidan haya, ga gado ga akwati. Motsin da ya fi faɗin sallaya biyu ba zai yiwu ba. Ampe, wasan tsalle da tafi na yaran Gana, ba ya buƙatar komai sai tafi da ƙafa da abokiyar wasa, tsohuwar safa da aka cusa wa tsumma kuma ta isa ƙwallon jifa da cafewa.

Mai kyamara ya ja baya, daga kai har tafin ƙafa su fito, don ƙafa yaro ke kwaikwayo. Mai gabatarwa da ke fuskantar kyamara, in ya ce dama, hagunsa zai ɗaga, saboda yaro kamar madubi yake ɗaukarsa.

Yanzu ga wanda ke ɓata mini rai. Don Allah 'yan'uwa, wa ya ce a tara 'ya'yan mutane a filin ciyawar roba da ƙarfe 12 na rana? An kira su ƙarfe 7, ma'aikata ba su iso ba sai 10, aka gama haɗa kaya rana ta take, sannan darakta yana ta cewa a sake, a sake, har sau takwas. Ciyawar roba tana riƙe zafi fiye da ta gaske nesa ba kusa ba, iskar Accra kuma cike take da laima, gumi ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki. Yaro ba zai ce ya gaji ba, yana son a gan shi a talabijin. Sai dai a ga ya yi shiru, yana layi, yana riƙe kai ko yana jin amai. Da an ga haka a kai shi inuwa, a sassauta masa riga, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In ya rikice ko ya suma, asibiti nan take, ba a jira a ƙarasa ɗauka. Ni daga 6:30 zuwa 9 na safe nake yarda a ɗauka, ko bayan la'asar. Kowane minti 15 a tsaya a sha ruwa, a tanadi ledar ruwa ta mililita 500 guda biyu ga kowane yaro, kuma babu wurin da za a maimaita fiye da sau uku. Hoton da bai yi kyau ba ana gyara shi a kwamfuta.

Sai mai ɗaukar nauyi. A gama tsalle, a miƙa wa yara lemon kwalba gaban kyamara! Gwangwanin kola na mililita 330 yana da sukari kusan giram 35, wajen cokalin shayi 8. Ruwa, ayaba, lemon zaƙi, ƙosai, su ya kamata a gani. Tallan abinci kuma sai da amincewar hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Gana kafin ya fita.

Wutar lantarkin Gana tana gudu ne a kan hertz 50, wato zagaye 50 a daƙiƙa, don haka a saita kyamara a hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, in ba haka ba fitila za ta riƙa ƙyaftawa a hoton. Makirfo na maƙalawa a riga, kiɗa kuma a ɗora shi daga baya. Ƙwallo lamba 5 ta manya ce, ƙanana a ba su lamba 3 ko 4, kuma a bar koyar da bugu da kai, hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta hana shi ga 'yan shekara 10 zuwa ƙasa tun 2015. Kada a jera 'yan mata a baya suna tafi kawai, da hijabinsu da dogon wando babu abin da ba za su yi ba. Yaro mai ƙiba kuma ba abin dariya ba ne, ranar da aka yi masa ita ranar ya bar wasa. Kafin fuskar kowane yaro ta fita, a je gida a gaida Alhaji ko Hajiya, a faɗa musu inda za a nuna shirin, su sa hannu a takarda.