Yadda ɗalibin zane zai mai da aikin jima da rini bincike

Abin da ya fi kayar da ɗaliban fasaha ranar kare kundi shi ne su ajiye jaka ko takalmi mai kyau a gaban malamai, suna ganin kyan ya isa. Tambayar da ke jiranka ita ce: me ka gwada, sau nawa, me ya canza? Ko a Jami'ar Marwa kake, wadda aka kafa a 2008, ko a ta Garwa ta 2022, amsar tana cikin littafin gwaji.

Fara da matse tambayarka. "Fatar Marwa" ta fi ƙarfin kundi ɗaya. Amma "shin daɗewar fata cikin ruwan bagaruwa na canza yadda jan karan dafi ke kama ta?" tambaya ce da za ka amsa cikin wata biyu.

Karɓi takardar izini daga jami'a, sannan ka gaida babban majema kafin ka fito da waya. Da yawansu Fulatanci suka fi sakewa da shi, don haka in ba ka ji, tafi da mai ji.

Sai gwajin. Nemi fatar akuya ɗaya da aka riga aka cire wa gashi, ka yanka guda 12, kowanne santimita 10 a kan 10, duka daga gadon baya. Fatar ciki ta fi laushi da sirantaka, in ka gauraya su sakamakon zai ruɗe ka. Raba su kashi uku, huɗu-huɗu, kwanakin jiƙo kaɗai za su bambanta. Ruwa ɗaya, bagaruwa ɗaya. Majemi da idonsa da tafin hannunsa yake awo, amma kai ɗora abin da ya ɗiba a sikeli ka rubuta giram nawa ne. Kada ka jiƙa a bokitin ƙarfe: bagaruwa in ta haɗu da ƙarfe baƙi take yi, ta ɓata fatar tun kafin rini. Roba ko tukunyar ƙasa. Lambar kowane yanki kuwa huda ta da basilla a gefe, domin tawada wankewa take.

Bayan rini, rufe rabin kowane yanki da kwali, ka jera su inda rana ke bugu har kwana 14, domin ka kwatanta launin gefen da rana ta buga da na wanda aka rufe. Hoto a inuwa, lokaci ɗaya kullum, da farar takarda a gefe, in ba haka ba waya za ta gyara launin da kanta. Rubuta yanayi ma: hunturu na busar da fata har ta tsage, damina na kawo fumfuna.

Yankin da ya lalace kada ka jefar, manna shi a littafin da bayanin dalili. Kai wa malamin da ke duba aikinka littafin duk mako biyu. Abin da majemi ya ce sirrin gidansu ne, bar shi daga kundin.