Zuwa Jojiya daga Kaduna: yawo, ganin gari da ɗan aikin lada

Tun da na dawo mutane ke ta min tambaya ɗaya, wai Jojiyar Amurka na je? A'a. Wannan ƙasa ce mai zaman kanta, tana maƙale tsakanin Rasha daga arewa da Turkiyya da Armeniya da Azarbaijan daga kudu, Baƙin Teku na yamma da ita, babban birninta Tibilisi, su kuma da bakinsu Sakartvelo suke ce mata. Mutanenta wajen miliyan 3.7 ne, kaga ko jihar Kaduna ta fi su yawa nesa ba kusa ba. Ƙanina ne ke karatun likita a can (yaranmu 'yan Najeriya na da ɗan yawa a makarantun likitancin Tibilisi), shi ya ja ni, na yi sati uku, rabi yawo rabi taya wasu aiki. To ga yadda abin yake ga mai niyya.

Biza dai dole ce ga mai koren fasfo, kuma kar ka bari wani ejan a Kawo ko Ahmadu Bello Way ya ce maka an gama magana ka kawo kuɗi kawai. Shiga shafin ma'aikatar harkokin wajensu da kanka ka karanta, don dokar tasu na yawan canzawa, har da sassaucin da suke wa masu bizar Amurka ko Ingila ko Shengen ko iƙamar ƙasashen Larabawa na Gulf. Ka haɗa takardar otal, tikitin dawowa, bayanan asusun banki, inshorar lafiya, in wata ƙungiya ce za ka taya aiki to ka sa su rubuto maka wasiƙar gayyata mai adireshi da lambar waya da ake ɗagawa. Duka ka buga su a takarda, kar ka dogara da waya. Ni da aka tare ni a filin jirgi na fi minti arba'in a tsaye ana jujjuya fasfo ɗina, nawa ka zo da shi, wa ka sani, yaushe za ka koma, ga cajin wayata ya kusa mutuwa, ba don takardun na cikin jaka ba da ban san yadda za ta kaya ba. Biza a hannu ba ita ce shiga ba, ana mayar da mutane daga nan.

Babu jirgin da zai ɗauke ka kai tsaye. Ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, daga nan ko Turkish Airlines ta Istanbul ko Qatar Airways ta Doha. Agogonsu na gaban namu da awa 3.

Abu ɗaya da zan ja kunne da ƙarfi, magani. Mu nan in an ce taimako abin da ke fara zuwa kai shi ne a ciko jaka da magunguna a raba, to dan Allah kar ka fara. Irin su kodin da tiramol dokarsu ta tsananta a kai sosai, mutum na iya tsintar kansa a hannun hukuma kan abin da a nan kemis ɗin unguwa ke miƙo maka ba tambaya. In kana da naka na ciwo to ka taho da takardar likita.

Kaya kuma ya danganta da wata. Daga Mayu zuwa Oktoba ne lokacin daɗi, Yuli da Agusta Tibilisi na yin zafi kamar Kaduna a Afrilu. In da sanyi za ka, to ka manta da abin da muke ce wa sanyi a Janairu, can ƙanƙara ce ke zuba, ka bi ta Kasuwar Barci ka zaɓi jaket mai nauyi da takalmi sau-ciki da safar hannu, ya fi maka sauƙi da saye a can.

Kana sauka ka sayi layi, Magti ko Silknet, ka sa data, ka sauke Bolt don tasi ɗin bakin filin jirgi za su yanke ka. Kuɗinsu lari ne, ka taho da dala ka canza a cikin gari, naira ba wanda ya san ta. Akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa mai layi biyu, kati ɗaya kake sa wa kuɗi ka hau shi ka hau bas. Fita wajen gari kuma marshrutka ake shiga, wato dai bas ɗin haya irin tamu ta Kawo, a tashar Didube, direbobin ma kamar uwarsu ɗaya da namu wajen gudu, ka yi addu'ar shiga mota kawai. Lambar neman agaji 112.

Yawo ka fara da tsohon gari. Ka je Rike Park ka hau motar nan mai tafiya a kan igiya ta haye da kai kogin Mtkvari zuwa ganuwar Narikala, a gefe ga wani ƙaton mutum-mutumi na mace, Kartlis Deda, mai tsawon mita 20, hannu ɗaya ƙwarya ta tarbar baƙo ɗaya hannun takobi, in ka gane wannan ka gane rabin halin mutanen. Ka gangaro da ƙafa zuwa Abanotubani inda gidajen wankan ruwan zafi suke, ruwan daga ƙasa yake fitowa da zafinsa yana warin ƙwai, amma ka daure ka shiga ka kama ɗaki naka, gajiyar jirgi nan take barinka. Sama kaɗan da nan ne masallacin Juma'a na jan bulo, inda Sunni da Shi'a ke salla a masallaci ɗaya, ni ɗan Kaduna na tsaya ina kallo kawai. Af, alƙibla a can kudu take. Ranar farko na shimfiɗa darduma na kalli gabas abina, ƙanina ya yi ta dariya.

Mtskheta tsohuwar fadarsu ba ta wuce kilomita 20 ba, wuni ɗaya ya isa, akwai tsofaffin majami'u na Jvari da Svetitskhoveli, mata su rufe kai maza ban da gajeren wando. Amma in kuɗinka na tafiya ɗaya ne tak, to Kazbegi. Wajen awa 3 a mota ta hanyar da ke hawa tana lanƙwasa, ka wuce Ananuri ka wuce Gudauri, ka iso inda cocin Gergeti ke zaune a kan tudu, bayanta dutsen Kazbek da ya haura mita 5,000 da farar ƙanƙara a kansa. Ni da nake alfahari da dutsen Kagoro shiru na yi. Gori garin su Stalin ne, tsohon shugaban Tarayyar Sobiyet, akwai gidan tarihinsa, ni dai bai burge ni ba, ka tsallake in lokaci ya ƙure. Batumi na bakin teku, jirgin ƙasa wajen awa 5, yankin Ajara ke nan, akwai Musulmi da yawa da tsohon masallacin Orta Jame. Abkhaziya da Kudancin Osetiya kuwa, yankuna biyu da suka ɓalle daga Jojiya, ka cire su a lissafi, sojan Rasha ne a can, shiga ta ɓangaren Rasha ma laifi ne a dokar Jojiya. In ka ga taron zanga-zanga a titin Rustaveli gaban majalisa ka canza hanya, ba da kai ake ba.

Abinci sai ka buɗe ido. Yawancinsu Kiristoci ne 'yan Otodoks, Musulmi kamar ɗaya cikin goma, naman alade na cikin abubuwa da yawa, musamman khinkali, wani ƙullin fulawa mai nama da romo a ciki, da tsirensu mtsvadi. Haddace wannan, ghori shi ne alade, ara shi ne a'a. Akwai gidajen abincin halal na Turkawa da Larabawa wajen Marjanishvili. Sauran kuwa ka ci ka more, khachapuri burodi ne da cuku, lobio wake ne a 'yar tukunyar ƙasa, matsoni kindirmo ne sak, shoti kuma a tanderu ake manna shi kamar gurasa, ghomi na yammacin ƙasar da ka gan shi ka ga tuwon masara.

Yanzu maganar aikin lada, wadda ita ce ta fi cin tunani. Wani abokina a Tudun Wada ya ce min, duk mabuƙatan Rigasa ba su ishe ka ba sai ka tafi ƙasar Turawa? Gaskiyarsa, kuma in kuɗin tikitin don sadaka kawai za ka kashe to ka zauna ka yi a gida, zai fi kai wa mutane da yawa. Amma in dai za ka je, to a maimakon sati uku kana ɗaukar hoto ka ba da kwana biyar ko bakwai. Talauci na nan, sai dai ba ya zama a bakin titi da ƙoƙo kamar namu, yana cikin gida ne. Tsofaffi ne su kaɗai a bene hawa na takwas, 'ya'ya sun tafi Italiya ko Girka neman kuɗi, fansho ba ya kai wa ga magani da ɗumama ɗaki. Ga kuma waɗanda yaƙin Abkhaziya na 1992 zuwa 1993 ya raba da gidajensu, sama da mutum 200,000, da na yaƙin Agustan 2008 da aka gina wa ƙananan gidaje jere-jere kamar kwatas a Tserovani, za ka hange su daga babban titi in za ka Gori.

Kar ka tafi da ka. Tun kana Kaduna, wata biyu kafin tafiya, ka rubuta wa ƙungiyar da ta daɗe a ƙasa, irin Red Cross ta Jojiya ko Caritas masu gidajen ciyar da tsofaffi, ka faɗi kwanakin da kake da su da abin da ka iya, ka tambaye su me suke buƙata, ba kai za ka faɗa musu ba. Mai Turanci na da amfani a ƙauyuka, misali kwarin Pankisi inda Kistawa suke, Musulmi ne dangin Cecen, yara na son mai yi musu hira da Turanci. Duk wanda ya ce ka turo dala ɗari-ɗari kuɗin rajistar aikin sa kai kafin ka ga ofishinsa, ka rabu da shi. Sannan tun 2024 suna da doka kan ƙungiyoyin da sama da kashi 20 cikin ɗari na kuɗinsu daga waje yake, an ƙara tsaurara lamarin bayan nan, shi ya sa in ka ɗauko kuɗin gudummawar abokai za ka miƙa sai ka ga suna ja da baya, ba raini ba ne, tambaye su yadda za a yi bisa ƙa'ida. Bizar yawo kuma ba ta aikin albashi ba ce, kar ka karɓi ko sisi.

Ni a wani ɗakin girkin ciyar da tsofaffi aka sa ni, aikina fere dankali da wanke tukwane da kai kula gidajen waɗanda ba sa iya fitowa. Ranar farko wata tsohuwa mai baƙin ɗankwali ta zauna kusa da ni tana kallon yadda nake fere, ta ƙwace wuƙar ta nuna min wai ina zubar da rabin dankalin a ɓawo. Na rusuna na ce madloba mama, wato na gode mama, sai gaba ɗaya kicin ɗin ya fashe da dariya har da mai riƙe ciki. Ashe a yarensu mama shi ne uba, uwa kuma deda. Tsohuwa bebia ake ce mata, in girmamawa ce ta baƙo ka ce kalbatono ga mace, batono ga namiji, gaisuwa gamarjoba. Daga ranar kullum sai ta ɓoye min tuffa biyu a aljihun rigarta. Yara da tsofaffin ƙauye za su kalle ka, wasu su nemi hoto da kai, yawanci mamaki ne, jefi-jefi ka haɗu da mai ɗaure fuska, ka wuce abinka. Kai kuma kar ka ɗauki hoton mutum yana karɓar abinci don ka sa a Facebook, mutane ne masu kishin mutuncinsu sosai, wanda ka kai wa kula ma sai ya nemi ya ba ka shayi da 'yar kwalbar jam, kuma ƙin karɓa cin fuska ne.

Nan ne ma gwajin yake. Mu muna cewa baƙonka annabinka, su kuma suna cewa baƙo daga Allah yake, kuma da gaske suke, za a gayyace ka supra, walimarsu, inda ake jera faranti kan faranti, a naɗa tamada mai jagoran tebur ya yi ta jawabi ana ɗaga kofi, ga iyaye, ga mamata, ga zaman lafiya, ga baƙo. Kofin kuwa giyar inabi ce da maigidan ya haɗa da hannunsa a tulun da ke binne a ƙasa, yana ji da ita kamar ɗansa. Kar ka jira sai an zuba. Tun a ƙofa ka sa mai fassara ya gaya masa kai Musulmi ne ba ka sha, ka dafa ƙirji, ka roƙi a ba ka lemon tarkhuna mai kore ko ruwan Borjomi, in ma zama a teburin bai kwanta maka ba ka nemi a gayyace ka shayin rana a maimakonsa, sun san Musulmi, maƙwabtansu ne. Farin ruwan da ake ce wa chacha kuma ba ruwa ba ne, barasa ce mai ƙarfi. In jawabi ya zo kanka ka miƙe ka yi magana mai ɗan tsawo, ka sa wa gidan albarka, ka ambaci iyayensu, irin dai jawabin da kawu ke yi a wajen ɗaurin aure, wannan ya fi musu komai.

Tsaraba daga gida ka riƙo hula zanna ko biyu, ɗan yadin atamfa, busasshen zoɓo da citta, kilishi kam bar shi a Kaduna kar a tsayar da kai kan nama a kwastan. Ta dawowa kuma ka shiga kasuwar Dezerter kusa da tashar jirgin ƙasa ka sayi churchkhela, gyaɗar Turawa ce aka zira a zare aka tsoma a dafaffen ruwan inabi da gari, ba giya a ciki, tana kama da kyandir kuma ba ta saurin lalacewa. Ka sayi fiye da yadda ka yi niyya, ni ashirin na taho da su, kafin jirgin ƙasa ya iso Rigasa saura sha huɗu.