Yadda nake koya wa yara ces da tsohuwar doka

Duk Asabar bayan la'asar nakan shimfiɗa allon ces, wato wasan nan mai kama da dara da 'ya'yansa su ne sarki, sarauniya, bishof, doki, hasumiya da sojoji, a ƙofar shagona da ke Agege, yaran unguwa su kewaye ni. Ga mai son koyarwa, shawarata ita ce ya fara da dokar da Larabawa suka karɓa daga Farisa, wasan da asalinsa ya fito daga Indiya wajen ƙarni na 6. Su Larabawa shaɗaranj suke ce masa.

Ka jera 'ya'yan kamar kullum. Sarauniya ka kira ta waziri, gida ɗaya tak take takawa a karkace. Bishof giwa ce, tana tsallake gida ɗaya a karkace ta dira a na biyu, ko da akwai ɗa a tsakani. Soja ba ya taku biyu a farko, sarki kuma ba ya musayar wuri da hasumiya. Doki dai yadda ka san shi. Wanda ya cinye wa abokinsa 'ya'ya duka, ya bar sarki tsirara, ya ci.

Wasan zai yi nauyi, ka bari su ji nauyin nan. Na fi son a yi sati biyu a haka.

Daga nan sai ka kai su Sifaniya, wajen 1475, inda aka sakar wa sarauniya da bishof mara suka fara ratsa allo, sabuwar dokar ta bazu Italiya da Faransa. Ranar da na sauya, wani ɗan ƙanena ya kama sarauniya ya ce, "Kawu, ashe har can ƙarshe za ta je?"