Darasi na 7: Aiki da Faifan Laftof Wanda Ba Shi da Maɓalli

Wanda ya fara koyo a kan kwamfutar tebur ya saba da linzami, wato maus, mai maɓalli biyu, na hagu da na dama. Tsofaffin laftof ma haka suke. A ƙasan madannan rubutu akwai ɗan faifai da ake shafawa da yatsa don a motsa kibiya, kusa da shi kuma ga maɓalli biyu a fili. Amma yawancin laftof ɗin da ake sayarwa yanzu, sababbi da na hannu, faifai ne kawai a shimfiɗe, sumul, babu abin da ya taso. Sai ka ga dattijo ya zauna yana lalube da babban yatsa, yana tambaya, “Malam, ina wurin dannawar?”

Tambayar tana kan hanya. Kamfanin Apple ne ya yaɗa wannan salo a shekarar 2008, da ya fitar da MacBook mai faifan gilashi marar maɓalli, sauran kamfanoni suka bi sahu. Ba kowa ya ji daɗin canjin ba. A 2013 kamfanin Lenovo ya cire maɓallan da ke saman faifan ThinkPad T440, masu aiki da ita suka yi ta ƙorafi, har a 2015 ya mayar da su a T450. To idan waɗanda suka shekara suna wuni a gaban kwamfuta sun sha wuya, kada ɗalibi ya ɗauka hannunsa ne ba ya ji. Sabo ne kawai ake canzawa.

Ina maɓallan suka shiga?

Suna nan, a ƙarƙashin faifan. Faifan gaba ɗaya shi ne maɓallin. Ku ɗora yatsa a gefensa na ƙasa, wanda ya fi kusa da cikinku, ku danna. Za ku ji ya ɗan nutse, ya yi ƙas. Yanzu ku gwada gefen sama, kusa da madannan rubutu. A yawancin laftof ba zai nutse ba, ko kuwa sai da ƙarfi sosai. Dalili shi ne an kafe faifan ta sama, kamar ƙyauren ɗaki: gefen da ke jikin bango ba ya tafiya, gefen da ake sa kwaɗo shi ke buɗewa. Saboda haka dannawa a rabin ƙasa ake yi. Wanda ya dage sai ya danna a sama, yatsansa zai gaji, yana kuma iya lalata faifan.

Akwai wani iri da ba ya nutsewa ko kaɗan. Tun 2015 Apple ya fara fitar da MacBook masu faifan da ba ya motsi. Wani ɗan inji ne a ciki yake girgiza shi idan ya ji nauyin yatsa, sai ka ji kamar ka danna. Irin wannan ko'ina ka danna ɗaya ne. Idan kwamfutar a kashe take, za ka ji shi ƙam. Ba lalacewa ya yi ba.

Yatsa ɗaya

Wannan shi ne ginshiƙin darasin, don haka mu tsaya a kansa. A tsohuwar laftof mutum yakan kwantar da babban yatsa a kan maɓallin hagu yana jira, manuni kuma yana yawo a kan faifai. Maɓallin ba ya jin taɓawa, sai an danna shi. A sabon faifai kuwa wurin da babban yatsan ya saba kwanciya ya zama cikin faifan, kuma yana ji. Kwamfuta sai ta ƙidaya yatsu biyu. Yatsu biyu kuwa wani umarni ne daban. Shi ya sa kibiya takan ƙi tafiya, ko shafi ya riƙa hawa da sauka, ko rubutu ya ƙara girma ba a sa shi ba. Mutum ya ce kwamfutar ta haukace, alhali babban yatsansa ne yake ba ta umarni bai sani ba.

Maganin shi ne a naɗe babban yatsa ciki, ko a ajiye shi a jikin laftof ɗin, wajen faifan. Sauran yatsun su ɗan ɗaga. Manuni kaɗai zai sauka, da tsokarsa, ba da farce ba. Faifan ba nauyi yake bi ba wajen motsa kibiya, fatar jiki yake ji. Shi ya sa bakin biro, ko farce, ko safar hannu ba sa motsa komai. Ƙunshin lalle a yatsa ba ya hana shi aiki. Kuma shafawa ake yi a hankali, babu buƙatar gogawa da ƙarfi. Idan yatsa ya kai bakin faifai kibiya ba ta isa ba, a ɗaga shi, a dawo tsakiya, a ci gaba.

Taɓawa da dannawa

Hanya biyu ce ta zaɓar abu. Ko dai a danna faifan har ya yi ƙas, ko a ɗan buga shi da yatsa sau ɗaya a ɗaga nan take. A ganina mai koyo ya fi dacewa da ta biyu. Idan ana dannawa da ƙarfi, yatsa yakan ɗan mirgina, kibiya ta goce daga inda aka saita ta, a buɗe abin da ba a nufa ba. Bugun kuwa ba ya gusar da ita. Bugu ɗaya zaɓa ne. Bugu biyu a jere, taf-taf, a wuri guda, shi ke buɗe fayil ko folda. Idan aka yi jinkiri tsakanin bugun biyu a kan sunan fayil, kwamfuta za ta ɗauka ana so a canza masa suna. Idan haka ta faru, a danna Esc da ke kusurwar hagu ta sama a madannan rubutu.

Aikin maɓallin dama shi ne fito da jerin zaɓi, inda ake samun kwafa, liƙawa da gogewa. Ku haɗa manuni da yatsan tsakiya, ku buga faifan sau ɗaya da su biyun tare. Jerin zai fito. A laftof mai Windows ana kuma iya danna kusurwar dama ta ƙasa. Nan ma akwai tarko. Faifan yawanci ba a tsakiyar jikin laftof yake ba, ya ɗan karkata hagu, don haka hannun dama yakan sauka a ɓangaren dama. Mutum yana nufin dannawar hagu, sai jerin zaɓi ya riƙa fito masa. Wasu faifan suna da ɗan layi siriri a ƙasa da ke nuna iyakar hagu da dama. A duba shi.

Don hawa ko sauka a shafi, a ɗora yatsu biyu a ja su sama ko ƙasa, kamar yadda ake yi a waya. Buɗe su yana ƙara girman rubutu, matse su yana rage shi. Akwai na yatsu uku ma, amma ba yau ba.

Jan abu daga wuri zuwa wuri

Nan ne aka fi jin rashin maɓalli. Ana so a riƙe fayil a kai shi cikin folda, ko a shafa layin rubutu, wato a zaɓe shi, don a kwafe shi. Ku kai kibiya kan abin, ku danna faifan da manuni har ya nutse, kada ku saki, ku ja yatsan a haka. Sai kun isa za ku ɗaga. Matsalar ita ce faifan yakan ƙare kafin a isa. Idan haka ne, a sa hannu biyu: manunin hagu ya danne kusurwar hagu ta ƙasa ya tsaya cik, manunin dama ya riƙa shafawa yana ɗagawa har a kai. A yawancin laftof na yanzu wannan yana aiki, muddin yatsan hagun bai motsa ba.

Wanda hannunsa ke rawa, ko yatsunsa suka yi tauri saboda shekaru ko aikin ƙarfi, kada ya wahalar da kansa. Don shafa rubutu, ya buga a farkon layin, ya danne Shift, ya buga a ƙarshen layin. Duk abin da ke tsakani zai zaɓu. Don ɗauke fayil a Windows, ya zaɓe shi, ya danna Ctrl da X tare, ya buɗe foldar da yake so, ya danna Ctrl da V. Idan abu ya suɓuce ya faɗa inda ba a so, Ctrl da Z suna dawo da shi.

Gyara faifan ya dace da hannunka

A Windows, danna maɓallin mai tambarin Windows tare da harafin I yana buɗe Settings, wato wurin gyara saitin kwamfuta. A nemi Touchpad, wato faifan, a ciki. A nan ake rage gudun kibiya idan tana tsere wa ido. A nan ne kuma ake rage ƙarfin jin faifan, idan tafin hannu yana taɓa shi lokacin rubutu har rubutun ya koma wani layi. Ana iya kashe dannawar kusurwar dama a bar ta yatsu biyu kawai. A MacBook, zaɓa da ɗan bugu a kashe yake zuwa, sai an shiga Trackpad, wato saitin faifan, an kunna shi.

Idan faifan ya ƙi ji

A fara duba hannu. Gumi, ruwan alwala da bai bushe ba, ko maiƙon ƙosai duk suna rikita shi. A goge yatsa, a goge faifan da ƙyalle mai laushi. Lokacin hunturu ƙura takan shiga ta gefensa, don haka a riƙa rufe laftof idan an tashi. Idan kibiya tana rawa ko tsalle sai an sa caji kawai, a zare cajar a gani. In ta daina, cajar ce ko wutar wurin, ba faifan ba. In kuwa ya mutu ɗungurum, mai yiwuwa an kashe shi ne ba a sani ba. A layin sama na madannan rubutu akan sami wani mai hoton faifai, ana danna shi tare da Fn. A wasu laftof ɗin kamfanin HP kuma bugu biyu a kusurwar hagu ta sama shi ke kashewa da kunnawa, har wata ƴar fitila takan kama a wurin.

Abu ɗaya ne ba a wasa da shi. A laftof da yawa batir yana ƙarƙashin faifan. Idan faifan ya taso sama, ko ya yi tauri ya daina nutsewa bayan da can yana yi, ko jikin laftof ɗin ya fara buɗewa, batir ne ya kumbura. Kada a danne shi da ƙarfi, kada a huda shi, domin yana iya kama wuta. A zare caja, a kashe kwamfutar, a kai wa mai gyara ya canza batirin. Mai sayen ta hannu ma ya gwada danna kusurwoyin ƙasa biyu kafin ya biya kuɗi.

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya yi aiki, ɗaya ya zuba ido a kan babban yatsan abokinsa, ya yi magana duk lokacin da ya sauka a kan faifai. Mai aiki ya kai kibiya kusurwoyin fuskar kwamfuta huɗu da yatsa ɗaya. Sannan ya buga da yatsu biyu a wurin da babu komai, ya ƙirƙiri sabuwar folda daga jerin zaɓi, ya sa mata sunansa. Ya ja fayil ɗaya zuwa cikinta da hannu biyu, ya fito da shi da Ctrl da Z, ya sake kai shi da Ctrl da X da Ctrl da V. Daga nan ku canza wuri.