Yadda na gyara EJS da ya ƙi ganin shafina

Kawuna yana sayar da hatsi a kasuwar Garwa, ni nake haɗa masa ɗan shafin da zai nuna farashin buhun masara da gero a kuɗin sefa. Da Express nake aiki, wato manhajar haɗa sabar yanar gizo a kan Node. Na gaji da cusa HTML cikin res.send, umarnin da ke aika amsa ga mai buɗe shafi, sai na koma EJS, wanda ke ba ka damar rubuta shafin a fayil daban ka cusa masa bayanai. Na buga npm install ejs, na sa app.set('view engine', 'ejs'), na ajiye kaya.ejs a foldar views.

Da safe lafiya ƙalau. Da yamma sai ga saƙon kuskure "Failed to lookup view", wato Express bai ga fayil ɗin shafin ba. Na yi ta duba sunan fayil harafi-harafi har aka kira magariba, raina duk ya ɓaci, don na yi wa kawu alkawarin gobe.

Ashe daga wata folda na tayar da sabar. In ba ka faɗa masa ba, Express yana neman views ne a inda kake tsaye lokacin da ka buga node, ba inda app.js yake ba. Na jawo path da require, na ƙara app.set('views', path.join(__dirname, 'views')), nan take farashin ya fito.

Kan shafin kuma ya fito da alamomin HTML tsirara, sai da na mayar da <%= zuwa <%- wajen include, wato layin da ke jawo fayil ɗin kan shafin.