Yadda Ake Riƙe Littafin Zane na Aljihu

Mai fara koyon zane yakan sayi littafi mai tsada, sai tsoron ɓata shafin farko ya kama shi, littafin ya shekara a akwati. Gara ka haɗa naka. Nemi fallen takardar A4 guda 20, ka kasa su kashi huɗu, biyar-biyar. Ninke kowane kashi gida biyu, ka huda wuri uku a kan ninkin, ka ɗinke da zaren da masu gyaran takalmi ke amfani da shi. Sai ka haɗa kason huɗu, ka yi musu bango da kwali mai kauri. Za ka sami shafi 80 masu girman A5, wato santimita 14.8 da 21, daidai aljihun kaftani.

Takardar da ake buga hoto-kwafi da ita giram 70 ce ko 80, wato nauyin murabba'in mita ɗaya nata, wanda da shi ake gane kaurin takarda. Ta ishi fensir da biro, amma da ta ji ruwa sai ta tattare. In tawada za ka yi aiki da ita, nemi mai giram 160 zuwa sama.

Fensir uku sun wadatar: HB don shata layi, 2B don yawancin aiki, 6B don baƙin inuwa. Da reza ake fiƙe 6B, domin bakinsa na da laushi, abin fiƙewa na 'yan makaranta karya shi yake yi. Kilina kuwa ka bar ta a gida wata guda. Layin da ya karkace a bar shi, a ja na daidai a gefensa, ta haka ido ke gane inda ya yi kuskure. Kada kuma ka raina tawadar allo da alƙalamin kara. Da yake ƙaro ne ke riƙe ta, ruwa na narkar da ita, don haka in ka jiƙa ɗan yatsa ka shafa gefen layi sai ta ba ka inuwa mai taushi.

Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai. A kusurwar kowane shafi rubuta kwanan wata da wuri da lokaci.

Wurin awo ne aka fi faɗuwa. A ce kana gaɓar kogi a Yauri, ga kwalekwale ɗaure. Miƙe hannunka sosai, kada gwiwar hannu ta lanƙwashe, ka rufe ido ɗaya. Daidaita kan fensir da bakin jirgin, ka sa babban yatsa inda jikinsa ya taɓa ruwa. Wannan ne ma'auninka. Kwantar da fensirin ka ƙirga sau nawa wannan tsayin ya shiga tsawon jirgin, ka sa ɗigo-ɗigo a takarda kafin ka ja layi ko ɗaya. In gwiwar ta lanƙwashe tsakanin awo biyu, ma'aunin ya canza, jirgin zai fito gajere kamar akushi. Haka ake yi wa raƙumi a kasuwa: da tsawon kansa ake auna wuya da ƙafafu.

Da hantsi ko bayan la'asar ake samun inuwa mai tsawo da ke fitar da siffar abu. Da tsakar rana inuwa na ƙarƙashin ƙafa, komai sai ya fito a shimfiɗe. Runtse ido kaɗan, za ka ga abin ya rabu uku: haske, tsaka-tsaki, duhu. Waɗannan ukun kawai za ka sa.

Abin da ke motsi ba ya jiran awo. A bikin kamun kifi na Argungu, sa'ad da masunta suka auka kogin Matan Fada da homa da gora, daƙiƙa 30 ke gare ka ga kowane mutum. Fara da lanƙwasar gadon baya, sai zagayen gorar, sai hannuwa. Fuska a bar ta.

Wanda ke ƙin zana mai rai bai rasa abin yi ba: ga Dutsen Kwatarkwashi, ga rumbunan ƙasa, ga zanen ƙwarya da na hula. Wanda zai zana mutum kuwa ya nemi izini tukuna. Kuma ko kusa kada a buɗe littafi a shingen jami'an tsaro, bayanin zai yi tsawo.

Kowane lokaci da ɓarnarsa. A bazara zufar hannu ke dama fensir, don haka sa guntun takarda ƙarƙashin tafinka. A hunturu ƙura ke shiga tsakanin shafuka ta goge zane. Ɗaure littafin da roba. Damina na kawo danshi da fumfuna, ga gara in an ajiye a ƙasa ko jikin bangon laka. Shafin da aka yi wa 6B ko gawayi yana ɓata na kusa da shi, sai a saka siririyar takarda a tsakani. Littafin da ya cika a rubuta masa lamba da watan farawa da na gamawa a bango, a bar shi ya sha iska yini guda, sannan a sa a leda a ɗora kan kanta.